CHABLIS: GARIN DA ƘASA DA SANYI SUKA YI WA SUNA

A cikin makon farko na watan Afrilu na shekarar 2021, manoman wani ɗan ƙaramin gari na ƙasar Faransa mai suna Chablis sun yi kwana da kwanaki ba su runtsa ba. Da zarar dare ya raba, sai maza da mata su fita gonakinsu na inabi da ke gangaren tuddai, suna bin kunya-kunya suna kunna manyan kyandirori da aka zuba cikin gwangwanaye, ɗaruruwa a kowace hekta, har gangaren ya koma kamar an watsa masa garwashi. Abin da ya fito da su shi ne sanyi. Ƙarshen watan Maris ya zo da ɗumi irin wanda ba a saba gani ba, itatuwan inabi suka ruɗu suka fid da toho tun lokaci bai yi ba, sa'an nan iska mai sanyi ta gangaro daga arewa, ma'aunin zafi ya faɗi ƙasa da sifiri da digiri da dama. Ɗanyen toho kuwa ba ya jure wannan. Wanda sanyi ya kama, kafin hantsi ya yi baƙi ya yanƙwane kamar an babbaka shi, kuma amfanin shekara ke nan ya tafi. Ministan aikin gona na Faransa na lokacin, Julien Denormandie, ya lissafta wannan ɓarna cikin mafi munin masifun da suka auka wa noman ƙasar tun shigowar wannan ƙarni.

Mai karatu zai iya tambaya, me zai sa mutane su nace wa noman inabi a wurin da dare ɗaya kan iya cinye wahalar shekara, alhali ga kudancin Faransa can da rana da ɗumi, inda inabi kan nuna ba tare da fargaba ba? Amsar tana cikin sunan garin. Farar giyar inabi da ake yi a Chablis, wanda Faransawa ke furtawa "Shabli", tana cikin waɗanda suka fi tsada da suna a duniya, kuma doka ta hana kowane manomin Turai liƙa wannan suna a kwalbarsa sai wanda gonarsa ke cikin iyakar da hukuma ta shata. Sanin kowa ne addinin Musulunci ya haramta giya, kuma ba ita ce abin sha'awa a nan ba. Abin lura ga ɗalibin labarin ƙasa da ma'aikacin gona shi ne yadda wata al'umma ta zauna ta nazarci ƙasarta da yanayinta taki-taki, ta mai da wannan sani doka, dokar kuma ta zama dukiya.

Garin yana gefen arewa na lardin Bourgogne, wanda Ingilishi ke kira Burgundy, a cikin gundumar Yonne, kimanin kilomita 180 kudu maso gabas da birnin Faris. Mazaunansa ba su wuce dubu biyu da 'yan kai ba. Wani ƙaramin kogi mai suna Serein ya ratsa ta tsakiyarsa, gonakin inabi kuma suna shimfiɗe a gangaren tuddan da ke hagu da dama da kogin, a ƙasar ƙauyuka kimanin ashirin. Duk faɗinsu a yau ya kusa hekta 5,800. Irin inabi ɗaya tak doka ta yarda a shuka, watau Chardonnay. Wannan iri kuwa ba na Chablis ne kaɗai ba, ana noma shi a Kalifoniya da Ostireliya da Afirka ta Kudu da Chile. Tun da iri ɗaya ne, bambancin da masu saye ke biyan kuɗi dominsa dole ya fito daga wurin da aka shuka shi.

TSOHUWAR TEKU A ƘARƘASHIN GONA

Wanda ya sunkuya ya ɗebi ƙasar gangaren Chablis zai ga fara-fara ce mai toka-toka, cike da tsakuwa, idan kuma ya duba da kyau zai ga wasu 'yan ƙananan ɓawon kawa masu lanƙwasa, kowane bai fi farcen yatsa ba, sun zama dutse. Masana suna kiran wannan halitta Exogyra virgula. Shekaru kimanin miliyan 150 da suka wuce, duk wannan yanki ƙarƙashin wata teku yake, mai ɗumi, marar zurfi. Laka tana kwanciya a gindinta, halittun ruwa suna mutuwa ɓawonsu yana taruwa, har abin ya yi hawa-hawa: nan yumɓu gauraye da farar ƙasa, can dutsen farar ƙasa tsantsa, irin wanda ake haƙowa a Kalambaina da Ashaka don yin siminti. Masana ilmin duwatsu sun sa wa wannan zamani suna Kimmeridgian, daga sunan wani ƙauye, Kimmeridge, a gaɓar tekun kudancin Ingila, inda aka fara nazarin irin wannan shimfiɗa.

Dalilin da ya sa dutsen da ke Ingila ya sake ɓullowa a tsakiyar Faransa shi ne, ƙasar da birnin Faris ke zaune a kai ta yi kama da akusa da aka jera, ƙarami cikin babba. Tsakiya ta lotsa, bakin kowane akushi kuma ya fito fili a kewaye. Bakin akushin Kimmeridgian ya bi ta Chablis, ya bi ta Sancerre a bakin kogin Loire, ya kuma bi ta kudancin lardin Champagne, kuma duk wuraren nan uku sun yi suna wajen inabi. A saman wannan shimfiɗa akwai wata, wadda ta fi ta ƙuruciya ta kuma fi ta tauri, da manoman wurin ke kira Portlandian. Ita ce ta rufe doron tuddai kamar hula. Kogin Serein da rafukansa, da suka yi dubban shekaru suna zaizayar ƙasa, su suka yanka hular nan suka tono ta ƙarƙashin a gangare. Saboda haka a tudu guda mutum zai iya tsayawa a kan Portlandian, ya gangara taki ɗari ya sami kansa a kan Kimmeridgian, kuma darajar gonakin biyu ba ɗaya ba ce.

'Yan kasuwa da masu talla sun daɗe suna cewa ana jin ɗanɗanon dutse da ƙamshin kawa a cikin abin da ake tatsa daga wannan ƙasa, wai saiwa ce ke tsotso su daga tsohuwar teku. Magana ce mai daɗin ji, amma masana kimiyya ba su karɓe ta ba. Wani shehun malamin ilmin duwatsu na jami'ar Aberystwyth a Birtaniya, Alex Maltman, ya yi rubuce-rubuce yana nuna cewa dutse ba shi da ɗanɗano, saiwa kuma ba ta shan dutse, abin da take ɗauka sinadarai ne narkakku cikin ruwa, waɗanda yawansu a cikin ruwan inabi bai kai harshe ya rarrabe su ba. Wannan bai rage wa ƙasar daraja ba. Aikinta na gaskiya yana wajen ruwa. Yumɓu yana riƙe laima ya ajiye wa itace har tsakiyar zafi, tsakuwa da tsagogin dutse kuma suna tsiyayar da rarar, saiwa ba ta zauna cikin taɓo ta ruɓe. Itacen inabin da ya sami ruwa da taki a wadace ganye yake tarawa, 'ya'yansa su yi girma su yi lami. Wanda ƙishi ya yi wa yawa kuwa sai ya tsaya cik. Ƙasar Chablis tana ajiye shi tsakanin biyun, ba ƙoshi ba yunwa, kuma a wannan hali ne yake mai da ƙarfinsa ga 'ya'ya. Har ila yau ƙasa mai yumɓu ba ta saurin ɗaukar zafi, wannan kuwa yana jinkirta nunar inabi, kuma jinkirin nan shi ake nema.

Farar ƙasa tana da nata sharri. Inda ta yi yawa takan ɗaure sinadarin ƙarfe da ke cikin ƙasa, itace ya kasa ɗauka, ganyensa ya koma rawaya ya tsumbure. Nan gaba za a ga yadda wannan ya kusa hana gonakin sake tashi bayan annoba.

RANA TA AWO

Chablis tana kusa da layi na 48 arewa da tsakiyar duniya, watau dab da iyakar inda inabi kan iya nuna a sarari a nahiyar Turai. Teku tana nesa, saboda haka babu mai sassauta mata yanayi: hunturu mai tsanani, lokacin zafi gajere, darare masu sanyi ko a watan Agusta. Ruwan sama na shekara yana wajen milimita 700, bai ɗara abin da Katsina kan samu a damina mai albarka da wani abin kirki ba, sai dai a can yana rarrabuwa cikin wata goma sha biyu, kuma rana ba ta ƙone shi da sauri.

A cikin ƙwayar inabi abu biyu ke tsere, sukari da tsami. Rana tana ƙara sukari, zafi kuma yana cinye tsami, musamman zafin dare. A ƙasashe masu ɗumi sukari yakan cika tun tsami ya gudu, abin da aka tatsa ya yi nauyi ya yi ƙarfi. A Chablis sukari yana hawa a hankali, tsamin yana nan daram har ranar girbi, kuma wannan kaifin tsami shi ne tambarin wurin, shi ne kuma ke sa abin ya yi shekaru goma ko fiye a kwalba bai lalace ba. To, amma inda rana take ta awo, kowane ɗigonta abin lissafi ne. A wannan ɓangare na duniya rana ta kudu take bi, saboda haka gangaren da ya fuskanci kudu ya fi shan haske, wanda ya juya wa kudu baya kuwa yakan wuni a inuwa.

A kan wannan lissafi aka kasa gonakin kashi huɗu. Mafi daraja, Grand Cru, gangare ne guda ɗaya a hannun dama na kogin, yana kallon garin, ya fuskanci kudu maso yamma, a kan Kimmeridgian tsantsa. Duk faɗinsa kimanin hekta 100 ne, an raba shi gida bakwai, kowane da sunansa: Blanchot, Les Clos, Valmur, Grenouilles, Vaudésir, Preuses da Bougros. Na biye, Premier Cru, wurare ne arba'in warwatse a gangaren da su ma suka sami rana gwargwado, irin su Montée de Tonnerre da Fourchaume da Vaillons. Sai Chablis zalla, wanda ya ɗauki mafi yawan ƙasar. Na ƙarshe shi ne Petit Chablis, akasarinsa a doron tuddai kan Portlandian, inda iska ke kaɗawa. Doka ba ta tsaya ga iyaka ba, har yawan abin da za a tatsa ta ƙayyade: lita 5,400 a hekta ga Grand Cru, 5,800 ga Premier Cru, 6,000 ga sauran biyun. Manomin da itacensa ya yi 'ya'ya fiye da kima yakan tsinke wasu tun suna ɗanye ya zubar, abin da manomin gero zai ɗauka hauka ne.

TASHI DA FAƊUWA

Ba masana kimiyya suka fara gano gangaren da ya fi kyau ba. A shekarar 867 Sarki Charles mai Sanƙo ya ba wa 'yan zuhudun Kirista na birnin Tours wannan wuri, lokacin da suke gudun hare-haren mayaƙan Viking. Daga baya, bayan an kafa gidan zuhudu na Pontigny a 1114, 'yan ɗariƙar Cistercian suka karɓi gonaki a Chablis suka duƙufa. Su mutane ne masu haƙuri da rubutu, kuma gidansu ba ya mutuwa kamar yadda mai gona ɗaya kan mutu, saboda haka abin da wani ya lura da shi a bana, na bayansa yakan gwada shi shekaru hamsin masu zuwa. Kasuwa kuma tana kusa, gama kogin Yonne yana zuba cikin Seine, jiragen ruwa suna kai ganguna har Faris. A ƙarni na 19 gonakin inabi na gundumar Yonne sun kai wajen hekta 40,000.

Daga nan sai abubuwa suka juya. Hanyar jirgin ƙasa da ta haɗa Faris da Marseille a shekarun 1850 ta buɗe wa manoman kudu ƙofa, suka cika babban birnin da kaya mai araha wanda manomin arewa ba zai iya gasa da shi ba. Sa'an nan wani ɗan mitsitsin ƙwaro dangin darɓa, mai suna phylloxera, wanda ya shigo Turai daga Amurka, ya iso Chablis a 1887. Saiwa yake ci, kuma babu maganin da ya yi masa. Dabarar da ta ceci inabin Turai ita ce aure, kamar yadda ake yi wa mangwaro: a ɗauko reshen inabin Faransa a ɗora a kan gindin inabin Amurka, wanda ya saba da ƙwaron. Amma ire-iren Amurka na farko da aka kawo ba su jure farar ƙasa ba, suka yi ta yin rawaya suna mutuwa. Sai da gwamnatin Faransa ta aiki wani masani, Pierre Viala, zuwa Amurka a 1887, inda wani mai binciken inabi na jihar Texas, T. V. Munson, ya nuna masa inabin daji da ke tsirowa a tuddan farar ƙasa na can. Daga wannan aka haɗa gindin da ya dace. Har gobe kusan kowane itace a Chablis kansa Bafaranshe ne, saiwarsa kuwa tana da jinin Amurka.

Duk da haka manoma da yawa ba su sake shuka ba. Yaƙin duniya na farko ya kwashe samari, waɗanda suka rage suka nufi birane. Zuwa shekarun 1950 abin da ya saura a Chablis bai wuce hekta 500 ba, sanyin watan Mayu na 1957 kuma ya shafe kusan dukkan amfanin wannan shekara. A lokacin, mai hankali ba zai ba ɗansa shawarar ya gāji gonar ba.

YAƘI DA DARE

Abin da ya juyar da al'amarin shi ne koyon yaƙi da sanyi. Iska mai sanyi ta fi mai ɗumi nauyi, saboda haka a daren da gari ya yi garau babu gajimare babu iska, takan gangaro daga tudu kamar ruwa ta taru a kwari. Abin takaici, gangaren Grand Cru, da yake ya fi ɗumi da rana, shi ke riga fid da toho, gindinsa kuma yana dab da kwarin kogi inda sanyi ke kwanciya. Watau gonar da ta fi tsada tana cikin waɗanda suka fi shiga haɗari. Daga ƙarshen shekarun 1950 zuwa na 1960 manoma suka fara jera murhunan mai a tsakanin kunyoyi, ana kwana ana hura su. Kyandirorin yau jikokinsu ne. Kowane yakan ci kimanin awa takwas, yana ɗaga zafin wurin da digiri biyu ko uku, kuma tsadarsu ta sa ba kowace gona ake kunna wa ba.

Dabara ta biyu ta fi ban mamaki, gama da ƙanƙara ake kare toho daga ƙanƙara. Ana kafa bututu masu feshi, idan ma'auni ya kusa sifiri sai a buɗe ruwa a kan itatuwa. Ruwa yayin da yake daskarewa yana sakin ɗan zafi, kuma muddin sabon ruwa yana sauka yana daskarewa, tohon da ke cikin kwanson ƙanƙarar ba zai sauka ƙasa da sifiri ba, alhali sai ya kai wajen digiri biyu ko uku ƙasa da haka yake mutuwa. Sharaɗin shi ne kada feshin ya tsaya har rana ta fito ta narkar da ƙanƙarar. Idan famfo ya mutu da asuba, ɓarnar ta fi ta wanda bai yi kome ba. Don wannan aiki aka haƙa tafki a ƙauyen Beine a ƙarshen shekarun 1970. Wasu kuma a yanzu suna ɗaura wayar lantarki mai ɗumi a jikin rassan.

Da aka sami wannan kariya, bankuna suka yarda da ba da rance, 'ya'yan manoma suka komo gida, gonaki suka ninka fiye da sau goma cikin shekaru sittin. Ƙungiyar gama kai ta La Chablisienne, wadda aka kafa a 1923 lokacin tsanani, tana tattara kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na amfanin yankin. Wajen kashi biyu cikin uku na abin da ake yi kuwa ƙasashen waje ake kai shi.

RIGIMAR IYAKA

Da suna ya yi tsada, sai tambaya ta taso: ina Chablis ta tsaya? Faransa ta kafa hukumar kula da sunayen asali a 1935, wadda daga baya aka san ta da INAO, kuma a watan Janairu na 1938 aka ba Chablis nata matsayi, aka jingina shi ga ƙasar Kimmeridgian. Petit Chablis ya biyo baya a 1944. Amma da kasuwa ta buɗe a shekarun 1970, manoma suka rabu biyu. Ɓangare ɗaya, ƙarƙashin William Fèvre, wanda ke da manyan gonaki a gangaren Grand Cru, suka ce dutse shi ne Chablis, duk wanda ya fita daga Kimmeridgian ya fita daga sunan. Ɗaya ɓangaren, ƙarƙashin Jean Durup na ƙauyen Maligny, suka ce fuskantar rana da tsayin gangare da yanayin wuri sun fi sunan dutse muhimmanci, kuma akwai gonakin da kakanninsu suka noma kafin annoba waɗanda dokar ta bari a waje. Kowane ɓangare yana da hujja ta ilmi, kowane kuma aljihunsa yana gefen hujjarsa.

A 1978 hukuma ta karkata ga masu son faɗaɗawa. Aka daina ɗaukar Kimmeridgian a matsayin sharaɗi tilo, aka ɗaga wasu gonakin Petit Chablis zuwa Chablis, aka kuma ƙara wasu wurare cikin Premier Cru. Masu ra'ayin farko sun ce an tsarma sunan da ruwa. Gaskiyar da ta fito daga rigimar ita ce, iyakar da ake cewa ƙasa ce ta shata, mutane ne suka zauna a ofis suka ja ta da alƙalami, bayan sun saurari masana da lauyoyi da masu gona. Wannan bai mai da ita ƙarya ba, gama babu wanda ya taɓa neman a taɓa hekta ɗarin nan na Grand Cru, inda dutse da rana da gangare suka haɗu babu gardama. A gefe-gefe ne, inda shaidar ƙasa ta yi rauni, siyasa ta sami wurin shiga.

Akwai kuma ɓarayin suna daga waje. Shekaru da yawa kamfanonin Amurka da Ostireliya suna sayar da kowace irin farar giya mai araha da sunan Chablis, ko da ba ta haɗa kome da garin ba, har yawancin Amurkawa suka ɗauka kalmar ma'anarta kaya mai arha. Sai a yarjejeniyar 2006 tsakanin Amurka da Tarayyar Turai aka hana sababbin masu yin haka, aka bar waɗanda suka riga suka fara. Ostireliya ta daina gaba ɗaya bayan tata yarjejeniyar. Wannan ciwo ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Fatar jar akuyar Sakkwato, da aka jeme a Kano da Sakkwato aka ƙetare hamada da ita, ta yi ƙarnuka ana sayar da ita a Turai da sunan fatar Maroko, don ta tashoshin Maroko ta bi. Jamhuriyar Nijar ta ɗauki darasi, ta yi wa albasar Galmi da kilishinta rajistar sunan asali a ƙungiyar OAPI a 2021, kamar yadda Kamaru ta yi wa barkonon Penja a 2013.

YANAYI YA FARA GOCEWA

Dutsen Kimmeridgian yana nan inda teku ta bar shi, amma ɗaya ƙafar da sunan ke tsaye a kai ta fara motsi. Lardin Burgundy yana da abin da wurare kaɗan ke da shi, watau rubutaccen tarihin ranakun girbin inabi na garin Beaune tun daga 1354. Masanan da suka tattara shi suka buga sakamakonsu a 2019 sun gano cewa daga 1988 zuwa lokacin, girbi yana riga matsakaicin lokacinsa na ƙarnuka shida da suka gabata da kimanin kwana 13. A Chablis, inda dattawa suka saba girbi a watan Oktoba, yanzu Satumba ne, a shekarar tsananin zafi ta 2003 ma tun watan Agusta aka shiga gona.

Da fari wannan ya zo kamar alheri, gama shekarun da inabi kan ƙi nuna sun yi ƙaranci, gangaren da dā ake rainawa don inuwa suka fara ba da amfani mai kyau. Amma zafin da ke cika sukari shi ke cinye tsami, kuma idan tsamin ya tafi, abin da ya raba Chablis da Chardonnay na sauran duniya ya tafi. Sa'an nan ɗumin bai kori sanyin Afrilu ba, toho kawai ya jawo gaba ya haɗa su. Ƙungiyar masana ta World Weather Attribution, da ta nazarci abin da ya faru a 2021, ta ƙiyasta cewa sauyin yanayi ya ƙara yiwuwar irin wannan ɓarna da kimanin kashi 60 cikin ɗari. Sanyi ya yi ɓarna a 2016 da 2017 da 2021, ruwan ƙanƙara kuma ya ragargaza gonaki masu yawa a ranar 1 ga watan Mayu na 2024.

Manomin wani wuri zai iya sauya iri ko ya ƙaura zuwa tudu mai sanyi. Na Chablis doka ta ɗaure shi ga iri ɗaya da iyaka ɗaya, kuma wannan ɗaurin shi ne jarinsa. Abin da ya rage masa dabarun cikin gona ne. Da yawa sun daina yi wa itatuwa aski a tsakiyar hunturu kamar yadda aka gāda, suna jinkirtawa har watan Maris, don itacen da aka makara aske shi yakan makara fid da toho da 'yan kwanaki. Wasu suna barin reshe dogo, saboda tohon can ƙarshe shi ke fara fitowa, idan sanyi ya ci shi na gindi yana nan a rufe. Ana barin ganye ya yi wa 'ya'ya inuwa maimakon a tsige shi, ana gwada gindin aure masu jinkirin nuna da jure ƙishi, ana kuma girbi da sassafe ko da dare don inabi ya isa matatsa da sanyinsa. Itacen inabin da aka dasa bana zai yi shekara arba'in ko hamsin a gonar, saboda haka wanda ke zaɓen gindi a yau yana zaɓa ne don yanayin shekarar 2070.